Ruwan Baba

Duk wanda ya san Baba Sule na Kabara ya san bayan hannunsa. Kafin ya amsa maka gaisuwa sai ya ɗora shi a goshinka ya ji ko kana da zafi. Haka yake yi wa jikoki, haka yake yi wa rediyo. In aka kawo masa ƙarar wani, ko ashar mutumin ya yi, amsarsa ɗaya ce: "Zafi ne, ba mugunta ba." Ni ɗan ƙaninsa ne, a gidansa na tashi, don haka goshina ya fi na kowa shan wannan hannu.

Makanikin mota ne, amma kun sani, ransa na kan jirgin saman da yake haɗawa a tsakar gida. Injin a jikin wata mota da ta yi haɗari ya ciro shi, inji ne marar fistin, wani ƙarfe mai kusurwa uku ne kawai ke wulwulawa a ciki. Ya ƙara masa turbo, abin nan mai kama da dodon koɗi da ke ɗura wa inji iska. Ƙarfi kam akwai, amma zafi sai ka ce maƙera. Zamanin soja, duk wanda ya tambaya sai ya ce injin niƙa ne. Wata tsohuwa ta taɓa shigowa da gero, ta ga fukafukai, ta tambayi amfaninsu. Ya ce na shiƙa ne. Ta dire masa ƙwaryar ta tafi, shi ya ɗauka a ɓoye ya kai wa masu niƙan gaske.

Bai yarda da agogo ba, ni ne agogonsa. Yana tayar da inji sai in soma karatun Alƙur'ani, lagireto na tafasa sai in tsaya. Da farko ko Sabbi ba na kai wa ƙarshe. Ya ƙara lagireto, ya yi wa baƙin mai nasa daban, muka kai Tabara. Ranar har majalisa ya je yana shela cewa injinsa ya haye Tabara, mutane suka ɗauka jika ne, suka yi ta sa albarka.

Daga nan abin ya cije. Wata rana da azahar ya je shan ruwa, ya ɗora hannu a jikin randa, ya ji ta jiƙe kuma ta yi sanyi ƙalau. Sai ya ƙwala mini kira: "Habibu, ashe yaron nan zufa ce ba ya yi!" Ya huhhuda tiyo ya shimfiɗa a kan lagireto, ya haɗa da ɗan tanki, ruwa na tsattsafowa iskar farfela na busarwa. Ruwan sama kaɗai yake zubawa, wai na rijiya yana barin gishiri. Randa guda ya keɓe masa, gida duka muna ce masa ruwan Baba. Wani baƙo ya taɓa kamfatar moɗa ya shanye, Baba ya dube shi ya ce, "Malam, ka shanye mini daga nan zuwa Wudil."

Shekarar da soja suka koma bariki, Baba ya ce lokaci ya yi da injin niƙa zai faɗi sunansa na gaskiya. Sai dai maƙwabta sun gaji da ƙara, tururi kuma ya ƙone wa Hajiya matarsa zogalenta. Mai unguwa ya yanke magana: a gwada a bainar jama'a, in injin ya kai ƙarshen Yasin bai tafasa ba jirgi ya zauna, in ya tafasa a miƙa wa 'yan gwangwan. Baba ya ce ya yarda.

Muka tura shi filin da ke kusa da marinar Ƙofar Mata, aka ɗaure wutsiyarsa a jikin bishiya. Manya duk suka koma baya, gindin bishiyar, don tsoron farfela. Har da sabon kansila, cikin farar shadda mai sitaci.

Inji ya ɗauka, na ɗauka. Mun wuce rabi sai na ga Baba yana nuna mini tanki, ruwa ya ƙare. Jarkarmu ta ruwan Baba kuwa tana can bakin karofi wajen amininsa Malam Ado marini. Na kai ƙarshen aya, na ɗaga murya na ce a kawo ruwan Baba. To, a baki Baban gida daban, baban rini daban, a rubuce ne suka zo ɗaya. Amma a cikin wannan ƙara wa zai bambance? Malam Ado, mutumin da ya tsufa a marina, ya tsoma bokiti a karofi ya rugo ya tuttula a tanki.

Wayyo jama'a! Farfela ta kwashi shuni ta feshe gindin bishiya kaf. Mai unguwa ya zama shuɗi har gemu. Kansila na tsalle yana ɗaga murya, ba mai jin sa. Baba ko waiwaye bai yi ba, idonsa na kan allurar zafi, hannunsa na yi mini alamar kada in tsaya. Ban tsaya ba. Na kai aya ta ƙarshe, inji na ta gurnani, ko ɗigon tururi babu.

Da ya kashe, kansila ya taso masa yana cewa zai sa a kama shi. Baba ya ɗora masa bayan hannu a goshi, ya juyo ya ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, zafi ne, ba mugunta ba." Malam Ado ya duba shaddar ya ce tsomi ɗaya ya rage ta yi kyau. Mai unguwa ya goge gemu ya ce shi dai ya ji Yasin ta kai ƙarshe, jirgi ya zauna.

Bai taɓa tashi ba, yana nan a tsakar gida da shuɗin hancinsa, Hajiya ta hana kowa wankewa. Ranar da Baba ya cika, ni na ɗora masa bayan hannu a goshi. Allah ya jiƙan bawan nan da bai taɓa kiran kowa mugu ba, ya tsare shi daga dukan zafi, ya sanyaya makwancinsa. Amin.