Malam Sabi'u Mai Lissafin Tari Ya Tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin share ɗakin magani da safen nan aka kira ni daga Daura, wai Malam Sabi'u ya rasu.

Shi ya koya mini lissafi a sakandare. Da ya ƙaro karatu ya dawo, sai ya kama wani aiki da mutane suka yi ta yi masa dariya a kai, wato lissafin tari. Yana bin mu ma'aikatan ƙananan asibitoci, yana tambayar mutum nawa suka zo da tari ko sarƙewar numfashi, daga wace unguwa. Sannan ya zagaya da 'yar na'urarsa yana auna hayaƙin janareta, da na tayar da ake babbake ƙafafun shanu da ita. Ya haɗa duka a kwamfuta.

Duk zuwansa garinmu Babban Mutum sai ya riƙo wa mahaifiyata zuma saboda asmarta.

Wata rana ya kira ni ya ce, "Nasiru, ka tanadi magani. Nan da sati biyu 'yan layin maƙera za su cika maka benci." Lokacin ko mutum ɗaya ba ya tari a layin. Kafin sati biyun ya cika har a ƙasa ake zama.

Na ce, "Malam, ko duba ka fara?"

Ya ce, "A'uzubillahi. Hayaƙi ne da cunkoso. Gaibu na Allah ne."

Ganinmu na ƙarshe a zaurensa ne. Ya rame, yana magana yana hutawa. Ya juyo mini kwamfutar, ga taswirar Daura, unguwannin da hayaƙi ya fi yawa sun yi ja wur, gidansa a tsakiyarsu. Na roƙe shi ya koma Dutsi wajen ƙaninsa.

Ya ce, "Maƙwabtana fa, ina za su koma?" Ya jima yana kallon taswirar, sannan ya ce, "Na saka kaina a lissafin nan. Amsar ba ta yi mini daɗi ba."

Ban tambaye shi ba.

Ɗazu ƙarfe takwas daidai, bayan an sanar da ni, wayata ta yi ƙara. Saƙo ne da sunansa. "Assalamu alaikum Nasiru. Hayaƙi ya yi yawa gefen kasuwa, a sa ido kan tsofaffi."

Sai da na amsa sallamar da baki kafin na tuna.

Na kira 'yarsa. Ta ce kwamfutar ya saita take turo mana saƙon kullum, ni kuwa na ɗauka da hannunsa yake rubutawa. Tana nan a kunne kan tabarmarsa, an rasa mai ƙarfin halin kashe ta.

Yanzu zan hau babur in riski jana'iza.

Allah ya gafarta wa Malam, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa aljanna ce makoma. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.