Shaddar da Suka Liƙa wa Akodiyar Yaya Habu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Habu, Allah Ya jiƙansa, kuma ban taɓa ɗaukar alƙalami a kansa ba. Bana ma ba kewa ce ta sa ni rubutu ba. Haushi ne, kuma gara in faɗa tun daga farko.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Habu mai gyaran akodiya ne, abin kiɗan nan da ake ratayawa a ƙirji ana ja ana matsewa kamar zugazugin maƙera. Karatun injiniya ya kawo shi London. Karatun bai kai ƙarshe ba, ya faɗa shagon wani tsoho ɗan Italiya a bayan Old Kent Road, daga shara har ya iya sana'ar. Da tsohon ya mutu sai ya kwashe kayan aikin zuwa wani ɗan ɗakin katako a bayan gidansa a Dagenham. Mutanen Ireland da na Poland suna hawa jirgi takanas su kawo masa gyara har ƙofa.

Namu fa? Manyan ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, likitoci da masu muƙami, makaɗi suke ce masa a bayan idonsa, da ɗan murmushin nan na raini. Ranar taron Sallah shi ake kira ya jera kujeru. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce ya zo da akodiyarsa a ji. Ciyaman ɗinmu na yanzu, wanda ba zan faɗi sunansa ba tunda ya san kansa, a gabana ya taɓa ce wa Yaya bai dace magidanci ya ƙare a gyaran kayan wasa ba. Yaya ya ce to, ya ci gaba da jera kujerunsa.

Sai na ɗan yi bayani kafin a gane ɓarnar da aka yi. A gaban akodiya akwai wani faifan ƙarfe mai huda-huda, a bayansa kuma ƙyalle ne shara-shara. Aikin ƙyallen ya tare ƙura, ya bar sauti ya fita. Shi ne aiki mafi ƙanƙanta a shagon Yaya, amma bai taɓa yin sa da garaje ba. Zai kara ƙyallen a leɓe, ya sa tafin hannu a baya, ya hura. In bai ji iskar bakinsa a tafinsa ba, ya ajiye shi ke nan, ko da siliki ne. Gam kuwa da tsinken sakace yake ɗiga shi, ɗigo-ɗigo a gefe kawai, kuma sai ya kwana ya bushe kafin ya mayar da faifan.

Akodiyarsa ta kansa ja ce. Ƙyallen da ke cikinta daga gyalen Innarmu ya yanko, wani koren gyale da na taho da shi daga Kano bayan rasuwarta. Bai bar mana muryarsa a kaset ba, bai bar gida nasa ba. Akodiyar nan ya bar wa 'yarsa Safiya, tare da kiɗa guda da ya koya mata, wanda shi ya ƙirƙira. Safiya a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Flat ɗin da take haya yana da danshi, shi ya sa ta kawo akodiyar wurina a Abbey Wood, ta ce ni kaɗai ta yarda da ni.

To, bana ƙungiya ta yi booking ɗin wani hall za a yi ranar al'adu. Kwatsam sai aka tuna da Yaya Habu. Ciyaman da kansa ya kira ni, murya kamar zuma, wai marigayi abin alfaharinmu ne, suna son aron akodiyarsa a nuna wa yara. Ni kuma, sakarai, daɗi ya kama ni. Na ce yau dai an san darajar ɗan'uwana. Na bayar ban ko tambayi Safiya ba. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ranar taron na shiga na hango akodiyar a kan tebur, tsakanin ƙwarya da takalman fata. Gabanta fari fat, yana ƙyalli. Kafin in buɗe baki matar Ciyaman ta taho tana baza gyale.

“Hajiya, kin ga aikinmu? Tsumman da ke ciki ya koɗe, sai muka yi masa upgrade. Shadda ce mai tsada, ragowar ɗinkin Alhaji.”

Na tambaye ta ina tsohon ƙyallen. Ta ce ai tun ranar aka jefa shi a bin ɗin shara, me za a yi da shi.

Shadda, jama'a. Shadda mai sitaci wadda ta sha bugu, wadda ko ruwa sai ya yi shawara kafin ya ratsa ta. Mu dai a wurinmu in abu ya yi ƙyalli, an kuma san kuɗinsa, to ya gyaru. Ba wanda ya tsaya ya tambayi me ƙyallen yake yi a wurin. Sun lafta gam kamar masu yaɓen gini, suka mayar da faifan tun bai bushe ba, don a samu a ɗauki hoto da wuri. Mutum uku a kwamitin shirya taron nan suna da digiri na uku.

Washegari na kira Safiya na faɗa mata gaskiya. Ta zo, ta rataya akodiyar ta ja. Sautin ya fito kamar mai magana a cikin bargo. Ta tsaya, ta dube ni, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da Hausa ta yi maganar.

“Gwaggo, ba ta numfashi.”

Lahadi biyu muka yi a kanta. Na ɗauko akwatin kayan aikin Yaya daga ƙarƙashin gado, muka kwance faifan, muka jiƙa shi da ruwan ɗumi, muka yi ta kankara. Na kara shaddar a bakina na hura da duk ƙarfina, ko ɗuriyar iska ban ji a tafina ba. Daga nan muka hau bas zuwa Old Kent Road muna bin shagunan yadi, ni tsohuwa ina hura ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, masu shago suna kallona kamar mai taɓin hankali. Ko a jikina. A shago na huɗu muka sami wani baƙi siriri da iska ta wuce. Safiya ce ta ɗiga gam ɗin da tsinke.

Muryar ta dawo, amma ba duka ba. Gam ɗinsu ya tsiyaya ta wani rami ya sauka kan ɗaya daga cikin harsunan ƙarfen da ke ba da sauti, ya kashe maɓalli guda. Wani mai gyara da ya san Yaya ya duba, ya ce sai dai a cire harshen a sa sabo. Safiya ta ƙi. Ta ce kowane harshe a ciki babanta ne ya goge shi da hannunsa har ya daidaita, ba za ta sa na wani ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani, da waɗanda suka raina shi suke rubuta sunansa a kwali suna tsayawa hoto. Na san shi. Ba zai ɗaga murya ba. Zai karɓi shaddar, ya hura, ya miƙa wa mai ita, ya ce Allah Ya saka. Ni ba haka aka yi ni ba. Makon jiya Ciyaman ya turo saƙo a group ɗin ƙungiya, wai hotuna sun yi kyau, baɗi ma za a sake aron akodiyar. Ga amsata a inda kowa zai karanta: ko kallonta ba za ku sake yi ba.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya bayan shekara tara, ba shi da yawa. Ɗakin katakon an rushe shi. Gyalen Inna ya tafi da motar shara. Saura kiɗa guda da yarinya guda da ta iya shi. Duk Lahadi bayan la'asar Safiya takan zo ta kaɗa mini a falo. Sau uku kiɗan yake bi ta kan mataccen maɓallin nan. Takan danna shi duk da haka, ba abin da ke fita, ta jira daidai tsawonsa, sannan ta wuce. Duk abin da kunne ya ji na Yaya Habu ne. Shirun nan uku kuwa, su ne gudummawar ƙungiya.