Asabar Ɗin da Na Ƙi Karanta wa Isuhu Direba

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida, ina kokawa da wata tunkiya da ta fi ni ƙarfi, sai na ji sallamar Lawali mai garaji a ƙofa. Lawali ba ya barin garajinsa da hantsi ko da aurensa ake ɗaurawa, don haka tun kafin in fito na saki igiyar. Na tarar da shi tsaye, hannuwansa duk baƙin mai. Ya ce Isuhu Direba ya cika bayan sallar asuba, za a kai shi kafin azahar. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na nemi dakali na zauna. Ni da Isuhu shekara ɗaya aka haife mu. A shekarunmu labarin mutuwa ba ya firgita mutum, gajiya kawai yake ƙara mishi, kamar an ɗora wani buhu bisa wanda kake ɗauke da shi.

Wanda duk ya taɓa bin hanyar Tasawa zuwa Urafane ya san Isuhu, ko bai san sunansa ba ya san motarsa, wata tsohuwar farar bas mai ƙofar da ake ɗaurewa da igiya. Tun muna da baƙin gashi yake bin hanyar nan, ni ina koyarwa a lakkol, shi yana dakon mutane da buhunan wake. Ba a taɓa yin direba mai nawa irinsa a layin ba. Matasan direbobi kan tashi bayansa su riga shi isa, har su sha shayi. In fasinja suka fara ƙorafi sai ya ce, "Motar nan ba ta san kuna sauri ba." In tsohuwa ta tsaya ɗaure kayanta, zai kashe mota ya jira ta. In ya ɗauko maras lafiya, kowane rami sai ya lallaɓa shi kamar mai taka ɗakin surukai. Yakan ce duk wanda ya shiga motarsa, uwarsa ce ta ba shi ajiya.

To wannan mutumin, mai tafiyar hawainiya, shi ne Allah Ya jarrabta da son tseren motocin da suka fi kowace mota gudu a duniya, waɗannan ƴan siraran na Turai masu kujera ɗaya, da direban ke kwance ciki kamar an sa shi a kwami. Tun da Lawali ya kafa farantin kama tashoshi ya sa tele ƙarƙashin rumfar garajinsa, fadarmu ta koma can. Mu bakwai ne ko takwas, da butar shayi da gardama. Kowa da ekip ɗin da yake bi, wato ƙungiyar tseren da yake goya wa baya: masu jar mota, masu ruwan azurfa, masu ruwan lemo. Babu wanda ya taɓa ganin motar da idonsa, amma in ka ji yadda ake zagin masu canjin taya sai ka rantse mu muka ɗauke su aiki.

Tseren kansa ranar Lahadi ake yi, kuma Lahadi ranar lodin Isuhu ce, bai taɓa ganin tsere ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Nashi rabon Asabar ne, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kowane direba ke zagaya fili shi da agogo, don a san wanda zai tsaya gaba gobe. Masu faransanci cikinmu na cewa kalif. Isuhu ya ce wannan ai neman layi ne, irin na tasha, sunan kuma ya bi ta. Bai taɓa jin an cuce shi ba. Cewa yake Asabar ta direba ce, Lahadi ta mai sa'a. Ran Lahadi ana iya buge ka, ana iya ɓata maka taya, mai gidanka na iya cewa ka kauce wa abokin aikinka. Ran Asabar kuwa babu wanda za ka ɗora wa laifi.

Gwaninsa wani tsohon direba ne da ya taɓa cin duniya, sannan shekaru suka cim mishi. Mu dai Tsoho muke ce mishi. An haɗa shi ekip ɗaya da wani matashi, mota iri ɗaya, injin iri ɗaya, kuma kusan kowace Asabar matashin ne ke gaba. Ba da yawa ba, da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma gaba gaba ce. Isuhu ba ya rasa hanzari. Yau iska ce, gobe an ba yaron sabon ƙarfe an hana Tsoho. Lawali ya taɓa ce mishi, Direba, kai ne fa ka ce ran Asabar babu wanda za a ɗora wa laifi. Isuhu ya ce ya faɗa, amma bai faɗa a kan Tsoho ba.

In an gama zagaye, sunaye da lokuta kan jeru a gefen tele da ƙananan baƙaƙe. Nan Isuhu kan juyo gare ni, da sunan da ake kiran malamin lakkol a wajenmu, ya ce, "Mushe, karanta mana, daga ƙasa." Daga ƙasa yake so, wai don daɗin ya daɗe kafin a zo kan Tsoho. Na ɗauka girmamawa ce ga tsohon malamin lakkol, ina karantawa har da gyaran murya. Na fi shekara ina wannan aiki kafin in lura cewa Isuhu, da ke karanta lambar mota daga nesa, ya bar kallon tele. Kunne yake ba ta.

Na tabbatar ran da na bi shi Urafane wajen sunan jikan ƙanwata. Ya sa ni gidan gaba, ya ce in riƙa ba shi labarin hanya kada barci ya ɗauke shi. Sai na ga ashe da ka yake tuƙi. Ya san kowane rami da kowace kwana, yana kauce musu tun kafin su zo. Abin da bai haddace ba shi ne abin da ke motsi. Bayan wata kwana muka iske amalanken jaki cike da harawa, da mata biyu zaune bisa. Ƙafar Isuhu ba ta motsa ba. Na ce amalanke, Direba. Ya taka birki, motar ta ja rairayi ta tsaya, hancinta cikin harawa. Ya ce ai ya gan ta. Mutum goma sha tara ne a bayanmu, babu wanda ya san abin da ya faru, sai wata tsohuwa da ta ce yau kuma Isuhu ya koyi ganganci.

Abin da ya kamata shi ne in bi shi gida washegari, in zauna a zaurensa, in ce Isuhu idonka ya tafi, ka aje makulli. Kalma nawa ce? Amma mu mutanen nan ba mu iya haka ba. Ana jin nauyin gaya wa sa'a cewa ya ƙare. Sai na bi hanyar da muka gada, na zagaya. Damina guda cur, kowace Asabar, ina kan Tsoho. In ce ya kamata ya sauka da mutuncinsa. In ce ido da hannu ba su jiran kowa. In ce gara mutum ya aje da kansa da a karɓe mishi. Fada ta ɗauka na koma ekip ɗin masu ruwan lemo ne, ana ta dariya. Isuhu kaɗai ya san da wa nake, kuma ta hanyar da na zo ta nan ya tare ni. Ya ce Tsoho ya san filayen nan tun ba a haifi yaron ba, ko an rufe mishi ido zai zagaya. Ya ce ai mutum in ya bar abin da ya iya, me ya rage mishi, ya zauna bakin masallaci yana korar ƙuda? Haka muka yi ta yi, tsofaffi biyu suna gardama kan wani Bature da bai san da zamanmu ba, alhali kowace safiya bas ɗin na fita cike da ajiyar uwayen mutane. Duk ran da na ji an ce an yi haɗari, sai na fara tambayar wace hanya kafin komai.

Asabar ɗin da nake nufi, bayan girbi ce. Shugaban sandika, ƙungiyar direbobin tasha, ya kawo mota gyara, ya zauna shan shayi tare da mu. Na gan shi, ba zan ce ban gan shi ba. Aka gama neman layi, lokuta suka jeru, Isuhu ya juyo kamar kullum. Na ce, "Yau kai za ka karanta mana, Direba."

Ya yi dariya, ya ce Mushe ya fara yajin aiki. Ban yi dariya ba. Lawali ya buɗe baki zai karanta, na ɗora hannu a gwiwarsa. Da Isuhu ya ce kansa ke ciwo, da an wuce wurin. Amma shi ba ya ƙarya sai a kan Tsoho. Ya tashi, ya taka har gaban tele, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka. Ruwan shayi ya tafasa ya zube cikin garwashi, babu wanda ya sauke. Sannan ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ce a gafarce shi, la'asar ta gabato. Ya fita yana laluben ƙarfen rumfa.

Sandika ba ta ma kira shi ba. Washegari, ranar lodinsa, ya miƙa wa babban ɗansa Sani makulli a tsakiyar tasha. An kai shi Maradi, likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ta mutu, an makara. Bai sake taka garajin Lawali ba. In mun haɗu a masallaci yakan gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali da gajiya da sanyi, bai rage komai ba, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Da ya zage ni da na fi samun barci. Shekara ɗaya da wata biyar muna haka. Mutane na cewa na ceci rayuka, wataƙila kuwa haka ne. Amma na san da wata ƙofa da ban ƙwanƙwasa ba, na zaɓi in tsiraita shi gaban jama'a saboda hakan ya fi mini sauƙi da in dube shi mu biyu.

Kwana goma sha ɗaya kafin rasuwarsa, matarsa Rabi ta tare ni a hanya. Ba ta ce yana nemana ba. Ta ce jikin ya yi nauyi, kuma gobe Asabar. Washegari na je garaji na kwafe lokutan a bayan wata takarda, na wuce gidansa bayan la'asar. Yana kwance a zaure, ya rame har na ga ƙasusuwan hannun da ke juya sitiyari. Na zauna, na fara jawabin da na yi wata da watanni ina shiryawa. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Da ka same ni a gida, Mushe."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Da na kore ka."

Na ce wannan ma haka ne. Sannan ya ce ya ji ƙarar takarda, in karanta mishi, daga ƙasa. Ban yi nisa ba na zo kan Tsoho, ko cikin goman farko bai shiga ba. Ya tambaya ina yaron yake, na ce can sama. Ya ce har yanzu Tsoho bai aje ba? Na ce bai aje ba, an ce ma zai ƙara shekara. Isuhu ya girgiza kai a kan matashi.

Ya ce, "Allah sarki. Ba shi da aboki."

Daga nan ya ce wa Rabi ta kawo mini ruwa, ya kuma ce in ci gaba, ban gama ba. Na karanta har sama. Kalmar yafiya ba ta fito daga bakinsa ba, ni ma ban matsa ba. Ran Talata da liman ya nemi jama'a su yafe wa mamaci, kowa na cewa ya yafe, ni na tsaya ina tunanin wa ya kamata a roƙa wa wani. Sani ne ya tuƙa bas ɗin a bayan gawa, a hankali, har wani ya ce tafiyar uban ce sak.

Asabar da ta wuce na koma garaji. Lokuta suka jeru, kowa ya karanta abinsa da idonsa, ba a nemi Mushe ba. Ban san ma wa ya samu layin gaba ba.

Ya Allah, ga bawanKa Isuhu ya zo gare Ka. Shekara da shekaru ana ba shi ajiya yana mayarwa, ran da ya ga ba zai iya ba kuma ya aje, ko da yake da ciwo ya aje. Ka gafarta mishi, Ka yi mishi rahama, Ka haskaka kabarinsa da hasken da ya rasa a ƙarshen kwanakinsa. Ka ba Rabi haƙurin zaman ɗakin da babu shi, Ka raya ƴaƴansa da jikokinsa cikin albarka, Ka tsare Sani a kan hanyar Urafane, shi da duk wanda zai shiga motarsa. Ni kuma da na yi daidai ta hanyar da ba daidai ba, Ka yafe mini, Ka sa abin da na ji a zauren nan yafiya ce. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.