Ranar da Aka Rasa Ƙugiya a Yelwa

Ranar da muka karrama wani babban malaminmu a Yelwa ba zan manta da ita ba, ko da na so, domin abokan aikina ba za su bari ba. Sai dai in faɗa tun yanzu, shekaru sun ɗan ja, kuma a ranar hankalina ba a jikina yake ba. Mai yiwuwa wata maganar ba haka aka faɗe ta daidai ba, wata kuma na sa ta a bakin wanda ba shi ya yi ta ba. Zan dai yi iya ƙoƙarina.

A lokacin ni ƙaramin likita ne a wani asibiti a garin, ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Ɗakin masu karaya aka ba ni, ɗakin da ba ya rabo da mutane: yau ɗan kabu-kabu, gobe makiyayin da sa ya taka, jibi manomin albasa daga Shanga da ya faɗo daga kan lodi. Burina ɗaya ne, in samu gurbin horo in zama cikakken likitan ƙashi. Na ci jarrabawar farko, amma gurbi ya ƙi samuwa, har a gida an fara tambayata ko karatun ne ya ƙare a nan.

Ana haka sai labari ya zo cewa manyan likitocin ƙashi za su zo mana aikin tiyata kyauta, kuma za su haɗa da karrama wani farfesa da ya fara aikinsa a garin tun yana saurayi. Kowa ya san duk shekara yakan ɗauki mutum guda ya horar a sashensa. Shugaban asibitinmu ya naɗa ni sakataren shirye-shirye, ya ce wai ni ne in an ba ni aiki ba na iya cin abinci sai na gama. Ban tabbata yabo ba ne, amma na karɓa a matsayin yabo.

Ƙyallen maraba ni na tsara kalmominsa da hannuna, na duba, na sake dubawa, na kai wa mai bugawa da kwamfuta. Ana gobe taro da yamma leburori suka karɓo suka ɗaure shi tsakanin itatuwan dogon yaro biyu na bakin ƙofa. Ni ina ɗakin tiyata, da na fito kuma ta ƙofar baya na wuce gida.

Da safe ina shiga ɗakin marasa lafiya sai babbar nas ɗinmu, wadda duk muke kira Inna, ta tare ni tana danne dariya.

"Dakta, kwal lahiya? Wanga baƙo namu, ashe aikin ciki ne sana'atai? Ni na ɗauka ƙahwa shika gyara."

Ta miƙo mini wayarta. Hoton ƙyallena ne, da haruffa kowanne ya kai tsawon hannun mutum: BARKA DA ZUWA BABBAN LIKITAN KASHI, GATAN MASU KARAYA. Kwamfutar mai bugawa ba ta san harafi mai ƙugiya ba, sai ta miƙar da shi. Ƙashi ya tafi, abin da ya zauna a gurbinsa ba sai na fassara wa Bahaushe ba. Wani kuma ya riga ya tura hoton a zauren wayar da baƙin namu suke ciki, har da Farfesa.

Na yi ta ba kaina baki. Na ce ai mutane da yawa ba sa sa ƙugiya in suna rubutu, kowa kuma yana ganewa. Zuciyata ta ce mini, haka ne, amma ba a rataye nasu a bakin titi. Muka kwance ƙyallen, na ruga shagon mai bugawa, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Inna ce ta ce in gwada mai fentin nan na bakin ruwa, wanda ke rubuta wa masu jirage kirari a jikin jiragensu.

Na hau kabu-kabu da ƙyalle a hammata. Na sami mai fentin a durƙushe gefen wani jirgi, ana ta sauke kwandunan kifi a bayansa. Na shimfiɗa ƙyallen a kan yashi, sannan na yi masa bayani irin nawa.

"Malam, wata ƙugiya ce ta faɗi daga kan wannan harafin. Ina jin nan ne kawai. Ko da yake ban ce lallai nan kaɗai ba, kai ka fi ni sanin rubutu. In ka ga wani wurin da ya dace, ba zan hana ka ba, amma kuma ba dole ba ne."

Ya dube ni, ya dubi ƙyallen. "Dakta, ƙugiya kake so ko ba ka so?"

"Ina so."

"To tahi abinka. Garinga mi muke da shi in ba ƙugiya ba?"

Kafin in ƙara wata magana waya ta yi ƙara. Shugaba ne, ya ce baƙi sun iso da wuri, Farfesa kuma ya ce ba zai zauna a rumfar taro ba sai ya zaga marasa lafiya. Na roƙi mai fenti ya kai wa leburori in ya gama, na juya.

Farfesa ɗan gajeren dattijo ne mai magana a hankali. Yana gaba, manya na biye, ni ina can baya rungume da hotunan ƙashi, gumi na bin bayana. Muka tsaya a gadon wani tsohon masunci daga Wara da ya karye a cinya, an ɗaure ƙafar da igiya an rataya mata nauyi. Manya suka ɗaga hoto suna shawara, wannan ya ce a sa ƙarfe, wancan ya ce a bar shi a haka saboda shekarunsa. Farfesa yana saurare. Can sai ya waiwayo ya ce, "Wa ke kula da ɗakin nan?"

Na ce ni ne, ko da yake muryar da ta fito ban san ta ba.

"Yaushe rabon baba da bayan gida?"

Na ji wani a cikin manyan ya yi tari irin na mai ɓoye dariya. Na ce a raina, shi ke nan, ya ga hoton, yanzu a gaban jama'a zai yanka ni. Amma tambaya ce, kuma na san amsarta.

"Ranka ya daɗe, in ban yi kuskure ba jiya da hantsi. Kafin nan ya yi kwanaki abin ya ƙi, muka ƙara masa ruwa da gwanda, na kuma ce a riƙa ja masa labule, don ina zaton kunya ce ta fi yawa. Amma mai yiwuwa..."

Tsohon ya katse ni. "Alhaji, wanga yaro kullum da sahe sai ya tambaye ni abin nan, kamar ajiya yab ba ni!"

Ɗaki ya ɗauki dariya, har masu jinya. Farfesa bai yi ba. Ya gyaɗa kai kawai ya wuce gado na gaba. Ni kuwa na fara tunanin ko noman albasa zai karɓe ni.

Da muka fito rumfa ta cika: wakilin hakimi, 'yan uwan marasa lafiya, 'yan kabu-kabu da suka jingine babura suna kallo. Ƙyalle ya koma tsakanin itatuwansa. Na ɗaga kai don in samu sanyin zuciya ko guda a ranar. Mai fenti ya cika alkawari. Duk inda ya ga harafin nan bai bar shi ba: BARƘA DA ZUWA BABBAN LIƘITAN ƘASHI, GATAN MASU ƘARAYA. Da jan fenti kuma, don kada wani ya ce bai gani ba.

Mai gabatarwa wani ma'aikacin ɗakin magani ne da ya saba riƙe lasifika a bukukuwa, mutum mai sauri da ba ya duba gabansa. Ya juya ya fara karantowa da ƙarfi. Ya yi tuntuɓe a kalmar farko, ya maƙale a ta tsakiya, da ya zo ta ƙarshe harshensa ya zaɓi hanyar da ya sani, ya rangaɗa, "Gatan masu ƙarya!"

Sai wata murya daga cikin 'yan kabu-kabu ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe mu ma muna da gata!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wakilin hakimi ya rufe fuska da bakin rawani, kafaɗunsa na rawa. Inna ta ce na zauna a ƙasa. Ni a sanina kujera ce, amma ba zan rantse ba.

Da aka miƙa wa Farfesa lambar yabonsa ya karɓi abin magana ya jira aka lafa.

"Jiya na ga an naɗa ni sarautar da ban nema ba," in ji shi. "Na ce, garin da kowane gida akwai ƙugiya, an rasa guda da za a ara mini? Yau na zo na tarar an shimfiɗa mini mamari." Masunta suka fi kowa dariya, don mamari igiyarsu ce mai jerin ƙugiyoyi ba iyaka. "Sarautar ƙarya ban karɓa ba, a mayar wa masu ita. Amma ta jiya na karɓa hannu biyu. Mutumin da ya yi watanni a kwance, ƙashinsa zai haɗe da ikon Allah. Abin da ke hana shi barci shi ne wanda yake jin nauyin faɗa. Likitan da ya fi ƙarfin ya tambayi kashi bai isa ya taɓa ƙashi ba. To, wa ya yi mana wannan ƙyalle?"

Shugaba ya nuna ni da sauri fiye da yadda nake ganin ya kamata. Daga bayan taro kuma mai fenti, wanda ashe ya tsaya ganin yadda za a yaba aikinsa, ya ɗaga murya: "Shi yac ce in sa duk inda nag ga ya dace!"

Farfesa ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ne mai ɗakin da na shiga ɗazu?"

"Ina jin ni ne, ranka ya daɗe."

"Kana ji, ko kai ne?"

"Ni ne."

"To ka same ni a ofis farkon wata, da kayanka. Amma ɗana, wataƙila ɗin nan ka bar ta a Yelwa. In ƙusa ɗaya ƙashi ke so, ka ce ɗaya, ka sa yatsa a wurin. In ka yi wa mutanen tiyata irin bayanin da ka yi wa bawan Allahn nan, sai su cika ƙafar mutum da ƙusoshi."

Haka na samu gurbin da na daɗe ina nema, tare da sunan da har yau bai sake ni ba. A taron likitocin ƙashi, in ka ji an ce Dakta Mamari, kada ka wahalar da kanka neman wani.

Abin da ranar ta koya mini, in na fahimce shi daidai, shi ne abin da na yi ta rawar jiki a kansa don a gan ni ba shi aka duba ba. Tambayar da nake yi wa tsoho kowace safiya ba tare da kowa na kallo ba, ita ta yi mini magana. Na kuma koyi cewa yawan kaffa-kaffa shi ma kuskure ne, in ya hana ka faɗin abu a fili. A ɗakin tiyata na daina wataƙila. A rubutu, kamar yadda kuka gani, ana nan ana fama.

Waɗanda suka halarci taron, musamman Inna da ke kan batun zaman ƙasa, ina roƙon duk wanda ya ga na kauce ya aiko mini da gyara. Sai dai don Allah, kafin ya tura, ya duba ƙugiyoyinsa.