Malafar Makoki da Sundol Ya Ba da Aro

Bang Sundol maginin randa ne a wani ƙauye cikin duwatsun Koriya, inda Kiristoci suka ɓuya a zamanin da sarki ke sare kawunansu. Mahaifinsa bai taɓa shiga addinin ba, kuma tsoho ne mai taurin kai. Da ajali ya matso, ya kama hannun ɗansa ya ce, "Na san sabon Ubangijinka ya hana ka ajiye mini shinkafa a kabari. To, na yafe. Amma shekara ukun nan ta makoki, ka cika mini ita cif."

Sundol ya yi alkawari. Ya saka rigar rama mai kaushi, ya kifa malafar nan mai rufe fuska har kafaɗa. Mai wannan shiga ba a yi masa magana, ba a leƙa fuskarsa. Ko dogari ya gamu da shi sai ya kauce.

Saura shekara guda ya fita, sai aka shigo da wani fada, wato limamin Kirista, Bature, a ɓoye ta teku. Sunansa ya gagari bakin kowa, aka sa masa Tak. Ga dogon hanci, ga jan gemu, ga idanu irin na kyanwa. Ina za a kai wannan fuskar? Dattawa suka ce sai kayan makoki, kuma ba sababbi ba, waɗanda suka sha rana da gumi. Duk ƙauyen mutum ɗaya ke da su.

Matar Sundol, uwar Okbun, ta tare ƙofa. "Maigida, kai fa ka yi wa tsoho alkawari. Mamaci ba ya mantuwa."

"Aro ne, ke dai. Damina na wucewa zai dawo da su."

"Aron baƙo? Allah ya sa mu ji alheri."

Fada Tak ya karɓa da hannu biyu, ya ce da gurgun Koriyancinsa zai mayar. Amma damina ta wuce, wata ta bi bayanta. Aka naɗa shi bishop a rumfar shanya tukwane, sandar mulkinsa ta gora ce. Ya taka duwatsun nan kaf, yana yi wa jarirai baftisma, yana sauraron masu furta zunubi ta cikin malafar. Sundol ne ke gaba da randuna a baya, kamar mai talla. In aka tambaye shi wa ya rasu, sai ya ce, "Mahaifinsa ne."

Uwar Okbun takan yi masa tsiya. "Kai, tsohon nan ya yi sa'a! Ɗan cikinsa ya yi masa shekara biyu, Bature ya yi masa goma."

Sundol ba ya dariya, don shi kaɗai ya san abin da yake gani. Duk ranar da ya hura wutar gashin randuna, da rana tsaka, sai ya hango marigayi mahaifinsa tsaye a bayan hayaƙi, yana kallon kan Sundol da babu malafa. Ba faɗa, ba magana, kallo kawai. Wallahi da zagi ne da ya fi sauƙi. Sau nawa ya buɗe baki zai ce wa bishop ya ba shi kayansa, sai ya ga ƙafafun mutumin duk sun tsage, ya haɗiye maganar.

Ƙarshe dai aka kama Bishop Tak, aka sare shi a kan yashin bakin kogi tare da mutane masu yawa. Dogarai suka raba takalmansa da gicciyensa, amma kayan makokin wani, wa zai taɓa? Can Sundol ya tsince su a cikin ciyawa. Ya yi kuka don bishop, kuma, Allah ya yafe masa, ya ji sanyi a ransa. Kansa ya yi furfura, amma zai biya tsoho shekararsa.

Ya wanke rigar, ya kifa malafar, ya kama hanyar kabarin mahaifinsa. Bai yi nisa ba wata mata mai ɗauke da itace ta jefar da kayanta, ta zube a gabansa. Ta gane facin da ke gefen malafar, ta ɗauka bishop ne.

"Baba! Ai cewa aka yi sun kashe ka!" Ta riƙe bakin rigar. "Baba, da suka ɗaure ɗana, ni na rantse ban san Yesu ba. Ka ce an yafe mini."

Sundol ya daskare. In ya ɗaga malafar, ya sake kashe mata bishop. In ya yi magana, ya yi ƙarya da sunan Allah. Sai ya yi shiru, kamar yadda mai makoki ke yi. Ta gama kukanta, ta tashi da sauƙin zuciya. Kafin ya kai gangaren dutsen, wasu mutum biyu ma sun durƙusa masa.

Rana na tsaka ya iso kabarin. Ga tsohon nan tsaye a kan 'yar hanyar, yadda ya saba tsayuwa a bayan hayaƙi. Zuciyar Sundol ta cika, ya ƙara sauri, yana so ya ce, Baba, ga ni, na zo in cika.

Tsohon ya dubi malafar, ya dubi rigar. Sai ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ja gefe ya ba shi hanya, kamar yadda ake yi wa baƙon da ke makokin wani.