Rufin Ɗakin Umma a Aziziyya

Shekarar da muka bar Hindawiyya, abin da ƙarfina ya iya kamawa shi ne mulhaƙ a Aziziyya, nan cikin Jidda, irin ɗakunan nan da masu gida ke ƙarawa a kan rufin bene. Ɗaki biyu ne da ɗan kicin da banɗaki, a saman hawa huɗu. Ni da mahaifiyata kaɗai muka tare, don matata ta rasu, 'ya'yana mata biyu kuma suna gidajen mazajensu. Ina tsaron shagon yadi a Bab Makka, ranar Juma'a ce kawai tawa.

Da sanyi muka shiga, shi ya sa ban gane abin da na kama ba. Sai da bazara ta kankama. Rufin kwano ne, an rufe shi daga ciki da silin na jibs, wato farin allo mai saurin karyewa, tsakaninsu akwai fili wanda mutum zai iya rarrafe a ciki. Rana takan kwana a wannan fili. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ruri tun safe ba ya tsayawa, amma in ka ɗaga hannu sama sai ka ji kamar ka miƙa shi bakin tanda. In na dawo daga shago nakan tarar da Umma zaune a ƙasa kan tayil, ta jiƙa mayafi ta ɗora a ka, ciwon sukari ya kumbura mata ƙafafu. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Faturar wuta kuwa, wato takardar kuɗin lantarki, kowane wata sai ta fi ta baya.

Wata Juma'a na hau tsani na leƙa ƙarƙashin kwanon daga waje, na ga ramuka jere a gefen bango inda iska ke shiga. Na ce a raina, to ga ƙofar zafin nan. Na sayo soso da siminti na toshe su duka, ɗaya bayan ɗaya, har na ji daɗin kaina. Ban tambayi kowa ba.

Bayan mako uku silin ɗin ɗakin Umma ya fara tabo, baƙi-baƙi kamar an watsa shayi. Ɗakin ya soma warin tsohon tsumma. Zafin bai ragu ba, sai tari da ya ƙaru mata.

A masallacin layinmu akwai wani dattijo, Bahaushen Sudan, wanda ya shekara da shekaru yana aikin gini a Jidda, kowa mu'allim yake ce masa. Bayan sallar la'asar na tare shi na faɗa masa. Ya bi ni muka hau, yana hutawa a kowane hawa. Ya gaida Umma, ya buɗe ƙaramar ƙofar silin ya tura kansa ciki, nan take ya dawo da shi yana goge fuska.

"Wa ya toshe ramukan can?"

"Ni ne, mu'allim."

"Ya zol, bawan Allah, ai ka shaƙe ɗakin. Ramukan nan ba ado ba ne. Zafi ya shiga ta kwano, tururin banɗaki ya hau ya same shi, ga ruɗubar Jidda, danshin nan na iskar teku, ka hana su hanyar fita. Ina za su je? Sai su zauna a kan silin mai sanyi su zama ruwa."

Na haura hamsin, amma kunyar da na ji ta ɗalibi ce.

"Yanzu me za a yi?"

"Abu uku. A buɗe abin da ka toshe, a shimfiɗa azil, a yi wa zafin hanyar fita ta sama. Ni bayana ba ya barin in shiga can. Zan tsaya in gaya maka, kai za ka yi."

Mai gidan ya ce ba ruwansa, in yi abin da nake so muddin ban huda masa rufi ruwa ya shiga ba, halas, magana ta ƙare. Haka muka fara.

Juma'a uku aikin ya ci. Da mun idar da sallar asuba muke hawa, don in rana ta ɗaga ba mai iya zama a ciki. Juma'ar farko na fasa simintin da na liƙa da hannuna, muka sa raga a kowane rami saboda tantabaru. Na kwashe kashinsu da tsofaffin sheƙuna har buhu biyu. Muka ja bututu daga fankar banɗaki zuwa waje, don ashe da cikin filin take hura tururinta.

Juma'a ta biyu ita ce ta azil. Wani abu ne kamar auduga mai ruwan ɗorawa, a naɗe kamar katifa, gefe ɗaya da takarda mai ƙyalli. Yana hana zafi ratsawa. Na ɗaure hanci da rawani, na shiga da rarrafe, mu'allim yana tsaye a kan tsani, kansa kaɗai ke ciki.

"Gwiwarka a kan ƙarfe! In ka taka jibs sai dai mu tsince ka a gadon hajiya."

"Na ji."

"Kada ka danne shi, bar shi ya kumbura. Kuma kada ya rufe ramukan. Yalla, ja gaba."

Gumi yana shiga min ido, numfashina yana dawo min da zafi. Abin yana da ƙaiƙayi irin wanda ban taɓa ji ba. Kwana uku ina susa a shago, har wata mai sayen yadi ta ja da baya tana kallon hannayena.

Juma'a ta uku muka kafa wata fanka mai kamar rawanin ƙarfe a ƙololuwar kwanon, wadda iskar teku ke juyawa ba tare da wuta ba, tana zuƙo zafin waje. Na shafe kwanon da farin fenti, na liƙe tsagogin fitilu da ƙasan ƙofa, na canza jibs ɗin da ya yi funfuna. Mu'allim ya ƙi karɓar komai, shayi kawai ya sha, ya ce wa Umma ta sa shi a addu'a.

Washegari da azahar ban je shago ba, jikina ya ƙi. Ina kwance sai na ji shiru. Na zabura, na ɗauka wuta aka ɗauke. Ashe mukayyif ne ya tsaya da kansa don ɗakin ya yi sanyi, abin da bai taɓa yi ba tun zuwanmu. Na taɓa silin, ba zafi. A watan da ya biyo fatura ta sauko, tarin Umma ya lafa.

Ina jiran in ga ta sake, amma shirunta sai ƙaruwa yake. Wata safiya ina ɗaura agogo zan fita ta kira ni.

"Zauna. Allah ya yi maka albarka, na ga wahalar da ka sha. Ɗaki ya yi daɗi."

"Amin, Umma. To me ya rage?"

Ta ajiye carbinta.

"Wata bakwai ke nan ban taka ƙasa ba. A Hindawiyya in na zauna bakin ƙofa, kafin azahar na gaisa da mutum ashirin. Nan ba mai hawowa. Ƙawayena duk ƙafafunsu irin nawa ne. An yi rasuwa biyu ban je gaisuwa ba."

"Me ya sa ba ki faɗa min tun farko ba?"

"Na ga ka sa ranka a rufin nan. Na ce bari ka gama."

Ban ji haushi ba. Gajiya ce kawai ta sauko min gaba ɗaya, har na kasa tashi daga inda nake zaune. Ni ina fita kullum ina ganin mutane har su gundure ni, ban taɓa lissafa cewa ita daga ni sai bango ba.

Ƙanwata tana zaune da mijinta a hawan ƙasa a wata unguwa, gida mai ƙunci da hayaniyar jikoki. Da na faɗa mata, ta ce a kawo Umma. Ni da mijin muka ɗora Umma a kujerar roba muka sauko da ita hawa huɗu, muna ajiyewa muna hutawa, ita kuma tana ta ba mu haƙuri.

Ɗakin da suka ba ta bai kai nawa sanyi ba. Amma duk Juma'ar da na je nakan tarar da ƙofa a buɗe, tsofaffi uku ko huɗu zaune suna shan gahawa, suna cakuɗa Hausa da Larabci, Umma tana gyara wa wata labarin da ta faɗa ba daidai ba. Makon jiya ƙanwata ta ce, "Yaya, tunda yanzu ka zama gwani, ka duba min kicin, hayaƙi ba ya fita." Na ce mata in sha Allahu wani makon. Na jingina da bango a gefen tabarmarsu, barci ya ɗauke ni kafin a kawo abinci.