Kunnen Aro: Jinjina ga Baba Mai Awo

Kowace safiya, takwas saura kwata, Baba Mai Awo yake ɗaga ƙofar shagonsa. Ba ya taɓa komai sai ya goge teburin aiki, ya jera sukundirebobinsa daga ƙarami zuwa babba, sannan ya rataya tef ɗin awo a wuya kamar tela. Wannan tef ɗin ne ya ja masa sunan. Shekara talatin da huɗu ke nan yana cikin layin nan. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, da zamani ya juya kuma ya koya wa kansa haɗa kwamfuta, irin masu ƙarfin nan da ake buga gem da su, wato wasannin kwamfuta. Bango ɗaya ne ya raba shagonsa da nawa na kwafin takardu, saboda haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne. Ranar Asabar mai zuwa zai sauke ƙofar nan, ba zai ƙara ɗaga ta ba, kuma raina bai ba ni in bari ya tafi shiru ba.

Duk wanda ya taɓa sayen kwamfuta a wurinsa ya san halinsa. Mutum zai shigo da doguwar takarda, ya rubuto furosesa kaza, katin hoto kaza, da ƙaton akwatin gilashi mai fitilu kala-kala. Baba zai karanta har ƙasa, ya ninke takardar, ya tambayi inda kwamfutar za ta zauna. In an ce masa a ɗaki, sai ya ce a je a nuna masa ɗakin, gani ya kori ji. Cewa yake yi akwati ba kwamfuta ake zaɓar wa ba, ɗaki ake zaɓar wa. Wasu sukan yi fushi su tafi wurin masu sayarwa ba tambaya, bayan wata shida su dawo da kayansu sun ɗau zafi. Ba ya yi musu gori, sai dai ya ce, “Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.”

Akwai ɗalibin da ɗakinsa ba taga, Baba ya hana shi gilashi ya ba shi akwati mai raga ta gaba. Yau shekara bakwai tana aiki. Akwai direban tasi mai kyanwa biyu da ya sa wa matacin ƙura a ƙasan akwati, ya koya masa wankewa, har yau in ya wuce sai ya danna masa hon.

Amma abin da ya fi tef ɗin shahara shi ne kunnensa. Yakan ƙwanƙwasa akwati da ɗan yatsa ya san ko ƙarfen zai yi rawa. Yakan kara kunne a jikin kwamfuta tana aiki, ya nuna fankar da za ta mutu kafin wata uku, kuma ta mutu ɗin. Shi ne mutumin da na ga ya ƙi sayar da sabuwar fanka dal daga kwali, don ya ji wata ’yar ƙara a cikinta da mu huɗu da ke wurin muka kasa ji.

To, wannan kunnen ne ya tafi. Shekara da shekaru yana hura ƙura da injin iska a cikin shago rufe, ba toshin kunne ba komai. A hankali abin ya zo. Nakan gaishe shi ta baya ya ƙi amsawa, har na fara tunanin ko na yi masa laifi ne. Ashe kallon baki ya koma yi, in ka yi magana ya karanta leɓenka, in bai gane ba ya gyaɗa kai ya yi murmushi. Kwamfuta kuwa ya daina kara mata kunne, sai ya ɗora tafin hannu a kan akwati ya lumshe ido, mu kuma muna cewa tsoho ya ƙaro salo. Mai ɗakinsa kaɗai ta sani. Shekara biyu ya ɓoye mana, don yana tsoron ranar da za a ce Mai Awo ba ya ji.

A watan jiya wata malamar makaranta ta shigo shagon da takarda a hannu. Ba tata ba ce, ta ƙanenta ce, wanda abokansa ke kira Dogo. Mai aikin rufin gidaje ne, ɗan shekara talatin, bara ya faɗo daga saman gini, ƙafafu suka daina motsi. Kafin haɗarin, shi da abokansa uku sukan haɗu a gem duk ƙarshen mako, kowa daga gidansa, suna wasa suna tsokanar juna. Tun da ya kwanta ya daina ɗaga wayarsu, ya juya fuska bango. Ta ce likita ya gaya musu ƙafa ta riga ta tafi, amma in ba a yi da gaske ba mutumin ma zai bi ta. Da ƙyar ta lallashe shi ya rubuta irin kwamfutar da yake so, kuma a wata goma wannan ne abu na farko da ya nuna yana so.

Baba ya ninke takardar, ya ce a je a ga ɗakin.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, gadon asibiti ya cinye rabinsa, keken guragu ya cinye saura. Baba ya auna tsakanin gado da bango, bai kai kamu ɗaya ba. Ya sa Dogo ya miƙa hannu, ya auna iyakar inda yatsunsa ke kaiwa. Ƙaton akwatin da aka rubuta ko ƙofa ba zai wuce da daɗi ba. Yana naɗe tef sai idonsa ya kai kan agogon bango, ya ga ya tsaya, an cire masa batir an ajiye a kan taga. Ya nuna shi da haɓa. Malama ta fuskance shi ta yi bayani: tun faɗuwar, maganar mutane ba ta damun Dogo, amma duk wata ƙara siririya mai ci gaba, ko ta agogo ce ko ta fanka, sai ta tayar masa da ciwon kai har ya yi amai. Tsohuwar kwamfutarsa ma saboda kukan fankarta aka fitar da ita daga ɗakin.

Baba ya karanta wannan a bakinta. Abin da ake nema a wurinsa shi ne kwamfutar da ba ta kuka, shi kuwa ba shi da kunnen da zai tabbatar. Nan ne ya kamata ya faɗi gaskiya, ya san da haka, shi da kansa ya gaya mini daga baya. Amma ya dubi mutumin da ke kwance, ya dubi takardar, ya ce a ba shi mako biyu.

Ban taɓa ganin ya wahala a kan aiki kamar wannan ba. Ya zaɓi siririn akwati baƙi mai kauri, ba gilashi ba fitila, mai soso a ciki don shanye ƙara. Ya sa manyan fankoki masu juyawa a hankali maimakon ƙanana masu gudu, ya sa musu roba a kowace kusurwa. Ya rage ƙarfin katin hoton da Dogo ya rubuta, ya ɗauko wanda ba ya zafi sosai. Maɓallin kunnawa kuwa ya ciro shi daga akwatin, ya ja masa waya har gefen gado, daidai inda yatsun nan suka kai. Da ya gama ya ɗora hannu a kai yana aiki, ko ɗan motsi bai ji ba. Ya yi hamdala.

Ranar kaiwa ni na kama masa. Akwatin ya shige tsakanin gado da bango kamar don shi aka bar wurin. Dogo ya danna maɓalli da kansa, hoto ya fito, aka buɗe gem. Baba yana tsaye a ƙarshen gado, fuskarsa na kan allo, yana murmushi. Minti biyu ba a yi ba na fara jin wani abu siriri kamar kukan sauro. Dogo ya saki linzamin kwamfuta ya kama kai da hannu biyu, yana cewa a kashe, don Allah a kashe. Malama ta yi ta kiran Baba, shi kuwa ya ba su baya, yana ta yabon yadda hoton ya fito tar. Sai da ta zagayo ta fizge waya daga bango sannan ya juyo, ya ga Dogo yana amai a roba.

“Baba, ba ka ji ba ne?” in ji ta.

Ya kalli bakinta. Murmushin ya gushe. Ya ce, “’Yata, ban ji ba. Shekara biyu ke nan ba na ji.”

Na sha ganin baƙin ciki, amma na tsoho gwani da asirinsa ya tonu a gaban mara lafiya daban ne. Ba fanka ce ke kukan ba, wata ƙara ce da wutar lantarki ke yi a cikin kaya in aiki ya yi nauyi, irin wadda ba ta motsa ƙarfe, don haka hannu ba ya jin ta. Dogo ya juya fuska bango, ya ce a fitar da kwamfutar, ba ya so, ba ya son komai. Muka ɗauko akwatin muka dawo.

Na ɗauka shi ke nan. Kwana biyu shagon yana rufe. A rana ta uku da hantsi sai ga shi ya ƙwanƙwasa mini, ya cika kwali biyu da kaya: katin hoto uku, na’urar ba da wuta huɗu, fankoki, da teburin ninkewa. Ya ce in zo mu koma.

Malama ta yi jinkiri a bakin ƙofa, amma ta bar mu. Baba ya ja kujera har gaban gado, inda zai ga fuskar mai kwanciya. Ya ce, “Ɗana, na cuce ka, na kawo maka abin da ban iya dubawa ba. Ni ina da hannu, ba ni da kunne. Kai kuwa duk garin nan ba mai kunne irin naka. Ara mini shi kwana biyu.”

Dogo bai ce a fita ba. Baba ya kafa tebur, ya ce zai riƙa canja kaya ɗaya bayan ɗaya, ya kunna na ɗan lokaci kaɗan, in an ji ƙara a ɗaga hannu ya kashe nan take. Gwaji na farko, hannu ya tashi ba tare da an juyo ba. Na biyu ma haka. A na huɗu Dogo ya juyo ya ce wannan ta fi waccan kauri, kuma daga ƙasa take fitowa, ba daga sama ba. Baba bai gane ba, Malama ta rubuta masa a takarda. Ya karanta, ya buga cinya, ya ce to ashe ba kati ba ne, na’urar wuta ce.

Kwana uku suna wannan aiki, kullum daga hantsi zuwa azahar, in kan Dogo ya fara sarawa a tsaya. A rana ta biyu Dogo ya karɓi takarda da biro yana rubutawa da kansa. Har tsiya ya rubuta masa, wai tsoho ya zaɓo masa akwati mai kama da na gawa. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai na gawa ba ya da fanka. Malama ta fita waje ta yi kuka, don rabon da ta ji ƙanenta ya tsokani wani tun kafin ya faɗo.

A rana ta uku aka sa na’ura ta ƙarshe da ta rage a kwali. Aka kunna, aka buɗe gem, aka bar shi yana gudu. Baba bai kalli allo ba, hannun Dogo kawai yake kallo. Minti biyar, minti goma, rabin awa, hannun yana kan linzami bai tashi ba. Can Dogo ya jawo takarda ya yi rubutu ya miƙa masa: “Baba, ba na jin komai.” Baba ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. A ƙarshen makon nan abokan Dogo uku suka same shi a gem, Malama ta ce tun daga kicin take jiyo gardamarsu.

Ƙafafun Dogo ba su dawo ba, kunnen Baba ma bai dawo ba. Washegarin gama aikin Baba ya ɗauko littafin da yake rubuta adireshin ɗakunan da ya auna, ya ware duk kwamfutar da ya haɗa a shekara biyun nan, guda goma sha tara. Ya bi su gida-gida, ya faɗa wa kowa gaskiya, ya tambaya ko tasa tana kuka. Uku suna yi, ya gyara su. Da ya gama ya ce mini ba zai ƙara sayar wa mutum abin da bai iya dubawa ba, kuma ba kowane ɗaki ne zai samu Dogo a ciki ba. Na roƙe shi ya zauna, ya girgiza kai.

Baba Mai Awo, kai ne ka koya mana a fara duba ɗaki kafin a zaɓi akwati, a fara duba mutum kafin a duba takardarsa. Ka yi kuskure sau ɗaya a gabana, ka koma da ƙafarka ka gyara, alhali da ka yi shiru ba mai zarginka. Masu sana’a, in za ku ɗauki abu ɗaya a wurin wannan bawan Allah, ku ɗauki wannan komawar. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Ranar Asabar ’yan layi za su taru a ƙofar shagon, direban tasi zai danna hon, Malama ta ce za ta turo Dogo a kekensa ya yi maka godiya da bakinsa. Na san za ka tsaya da tef a wuya, kana gyaɗa kai kana murmushi, ba za ka ji ko ɗaya ba. Shi ya sa na rubuta maka.